Masu Karanta Halin Mutane, Daga Jalinus Zuwa Takardar Tambayoyi

Tun da aka fara sarauta da fatauci da aure a duniya, babu mas'alar da ta fi damun mai ba da amana kamar sanin halin wanda zai ba wa, domin sarkin da zai naɗa hakimi, da attajirin da zai ɗora wa yaronsa kaya zuwa gari mai nisa, da uban da aka zo neman 'yarsa, dukkansu abu guda suke nema, watau su san yau abin da mutum zai aikata gobe, alhali kuwa wannan sani ba a ba wa kowa shi ba. Daga wannan bukata wata sana'a ta tashi, wadda a wani zamani take hannun likitoci, a wani take hannun hukama da malaman tarbiyya, yanzu kuwa ta koma hannun masana halayyar ɗan Adam a jami'o'i. Wanda ya bi tarihinta da natsuwa zai tarar ma'abotanta sun kasu gida biyu tun da daɗewa: akwai masu auna mutum domin a ɗauke shi ko a ƙi shi, waɗanda galibinsu suke ganin hali abu ne tabbatacce da ba ya gushewa, akwai kuma masu duban hali domin a gyara shi, kuma kusan a kowane ƙarni mutanen gidan farko ne suka fi samun mai biyansu lada.

Ɗaya daga cikin bayanan da suka fi daɗewa daga ƙasar Yunan ya fito. A cikin littattafan da ake jingina wa Bukrat, likitan tsibirin Kos wanda aka haifa wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, akwai wata risala a kan ɗabi'ar mutum, inda aka ce jiki ya ginu a kan ruwaye huɗu, waɗanda malamanmu suka sani da sunayensu na Larabci: damu, watau jini, mai zafi da danshi, da balgamu, mai sanyi da danshi, da safra'u, ruwan matsarmama, mai zafi da bushewa, da sauda'u, wani baƙin ruwa da aka ce saifa ce mazauninsa, mai sanyi da bushewa. Lafiya ita ce daidaituwarsu, cuta kuwa rinjayen ɗayansu. Wanda ya miƙa maganar daga jiki zuwa rai har ya kafa mata hujjoji shi ne Jalinus, haifaffen Bargamum a shekara 129 Miladiyya, wanda ya fara da ɗinke raunukan mayaƙan da ake sa su gwabza a dandali don nishaɗin jama'a, daga bisani ya zama likitan Sarkin Rum Markus Aureliyus. Ya rubuta risala musamman a kan cewa ƙarfin rai bin cakuɗar jiki yake yi, ya kuma ƙidaya mizaji tara, huɗu masu rinjayen sifa ɗaya, huɗu masu rinjayen sifa biyu, ɗaya madaidaici. Waɗanda suka zo bayansa ne suka taƙaita abin, suka mai da shi mutane huɗu da kowa zai iya riƙewa a ka: mai jini da fara'arsa, mai safra'u da saurin fushinsa, mai balgamu da sanyin jikinsa, mai sauda'u da tsoronsa da yawan zulluminsa.

Amma fa abin da ya ba Jalinus kwarjini a Rum idonsa ne fiye da ƙa'idarsa. Shi da kansa ya ba da labarin wata mata, matar wani mai suna Yustus, wadda ta kasa barci, ba ta da zazzaɓi, idan kuma aka tambaye ta sai ta kau da kai ta lulluɓe. Ya tsaya tsakanin zato biyu, ko sauda'u ce ta yi mata yawa, ko kuwa wata damuwa ce take ɓoyewa. Rannan yana zaune wurinta sai wani ya shigo daga gidan wasa ya ce ya ga Filadis yana rawa, nan take launin fuskarta ya sauya, da ya kama hannunta ya ji bugun jijiyarta ya rikice. Kashegari ya shirya da yaronsa aka ambaci sunan wani ɗan rawa dabam, jijiya ba ta motsa ba. Da aka koma kan sunan Filadis ta sake rikicewa, ya tabbata so ne ciwon. Abin lura shi ne ruwayen nan huɗu ba su taimake shi da komai ba a wannan ɗaki, haƙurin kallo ne ya yi aikin duka.

Wannan ilimi ya shigo Larabci ta hannun mafassaran Bagadaza, shugabansu kuwa Hunainu ɗan Ishaƙ, Kirista mutumin Hira wanda ya rasu a 873, wanda ya lissafa littattafan Jalinus 129 a wata wasiƙarsa, ya kuma faɗi yadda ya keta Sham da Falasɗinu da Masar har Iskandariyya yana neman littafi guda, bai samu ba sai wajen rabinsa a Dimashƙu. Ibn Sina ya tattara abin ya tsara shi a cikin Ƙanun, wanda ya kammala a 1025, ya ba kowace gaɓa mizajinta da kowane zangon rayuwa nasa, har ma ya kawo dabarar nan ta riƙe jijiya ana ambaton sunaye a babin ciwon so. Da Gerard mutumin Kremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara littafin zuwa Latin a Ɗulaiɗula ta Andalus, sai ya zama abin karatun likitocin Turai har wajen 1650. Mu ma rabonmu ya iso mu, domin littafin Rahma fiɗ Ɗibbi wal Hikima, wanda ake jingina wa Suyuɗi kuma malaman zaure suka san shi sarai, da bayanin ɗabi'un nan huɗu ya buɗe, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, wanda ya rasu a 1837, ya bar risaloli da dama a kan ɗibbu.

Da yake ba a ganin ruwan da ke cikin jiki, dole aka nemi alamarsa a waje, wannan shi ne ilimin firasa. Malamai sun rarrabe tsakanin firasar mumini, wadda suka ce haske ne da Allah yake jefawa a zuciya, da firasa ta sana'a, wadda ake koyo daga littafi, ana duban faɗin goshi da launin ido da kaurin wuya. Wannan ta biyun ce Faharuddini Razi, wanda ya rasu a 606 Hijiriyya, ya rubuta wa littafi sukutum, yana dogara a kan mizaji. Masu manaƙibin Imamu Shafi'i sun ruwaito cewa ya je Yaman neman littattafan wannan fanni, a hanyarsa ta komowa ya sauka wurin wani mutum mai shuɗin ido, mai turarren goshi, marar gemu, sifar da littattafan suka ce babu mafi muni daga gare ta, sai ga shi mutumin ya yi masa liyafa ta gani ta faɗa, da abinci da turare da shimfiɗa da harawar dabbarsa, har Imamu ya kwana yana juyi yana tunanin me zai yi da littattafan. Da gari ya waye ya yi godiya zai tafi, sai mai masauki ya tsare shi da lissafi, dirhami kaza na abinci, kaza na turare, kaza na harawa, har da kuɗin hayar ɗakin. Ya biya, ya kuma riƙe littattafansa. Labari ne mai daɗin ji, amma a tuna su wa suka fi amfani da wannan ilimi: Ibn Buɗlan, likitan Bagadaza na ƙarni na sha ɗaya, risala ya rubuta don koya wa mai sayen bayi yadda zai duba su a kasuwa, yana jingina wa kowace ƙabila halinta, kuma abin da ya faɗa game da baƙar fata ba abin maimaitawa ba ne.

Turawa sun yi tasu firasar daga baya. Wani limamin coci a Zurik mai suna Lavater ya buga littattafansa a kan karanta fuska tsakanin 1775 da 1778, suka karɓu har ya zama a 1831 FitzRoy, kyaftin ɗin jirgin ruwan Beagle, saura ƙiris ya ƙi tafiya da Charles Darwin, domin a ganinsa mai irin wannan hanci ba zai yi ƙwazo da jimirin tafiyar ba. Franz Gall kuma, wanda ya rasu a 1828, ya raba ƙwaƙwalwa gida 27, ya ce ana gane girman kowane gida daga tudun ƙoƙon kai, har aka buɗe shaguna a Amurka inda ake shafa kan mutum a ba shi takardar halinsa ya biya.

Gida na biyu kuwa, na masu duban hali domin a gyara shi, ba a taɓa bayyana matsayinsa da kyau kamar yadda Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 Hijiriyya, watau 1111, ya bayyana shi a littafin Riyalatun Nafsi na cikin Ihya'u ba. Ya ɗauki ma'anar hali kusan yadda Miskawaihi ya bar ta, cewa wata sifa ce da ta zauna daram a cikin rai, har ayyuka suke fitowa daga gare ta cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba, saboda haka wanda ya yi kyauta sau ɗaya yana cije baki ba a kiransa karimi. Sannan ya fuskanci masu cewa hali ba ya sauyawa, irin maganar da mu ma muke yi idan mun ce hali zanen dutse, ya tuhume su da cewa kasala ce ta sa suka faɗi haka, ya ce in da gaskiyarsu da wa'azi da nasiha da horon yara duk sun zama aikin banza, ya kuma tambaya yaya za a musanta wa ɗan Adam abin da ake gani a wurin shaho da kare da doki, waɗanda ake horarwa har su bar ɗabi'arsu ta farko. Duk da haka bai wuce gona da iri ba. Ya ce ƙwallon dabino ba ya zama itacen tuffa ko da wace irin kulawa, amma yana zama dabino idan an kula da shi, yana kuma lalacewa idan an yi sakaci. Ya yarda cewa wasu ɗabi'u suna saurin karɓar gyara, wasu suna jinkiri. Ya ce kuma ba tumɓuke fushi da sha'awa ake nufi ba, domin da babu su da an halaka, mai da su tsaka-tsaki a ƙarƙashin hankali da shari'a ake nufi. A ganina har yau ba a samu wanda ya tsaya a wurin da ya fi wannan adalci ba.

Ruwayen Bukrat sun mutu a hankali a ɗakunan fiɗa na Turai, inda aka yi ta buɗe gawa ba a ga sauda'u ba, har Rudolf Virchow ya kafa a 1858 cewa cikin ƙwayoyin halittar jiki cuta take farawa. Abin mamaki shi ne mutanen nan huɗu sun ƙi bin ruwayensu kabari. Kant ya riƙe su a littafinsa na 1798. Wilhelm Wundt, wanda ya buɗe ɗakin gwaji na farko na ilimin halayya a Laifzig a 1879, ya ce bambancinsu bai wuce abu biyu ba, ƙarfin motsin zuciya da saurin sauyawarsa. Pavlov ma a Rasha da sunayen nan huɗu ya rarraba karnukansa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Hans Eysenck ya bi bayanan sojoji 700 da ake jinya a asibitin Mill Hill na Landan da lissafin ƙididdiga, ya fito da ma'auni biyu a littafinsa na 1947, ɗaya na sakin jiki da mutane ko janyewa daga gare su, ɗaya na natsuwar zuciya ko saurin rikicewarta, da ya gicciya su kuwa sai ga kusurwoyi huɗu, kowane tsohon mizaji ya faɗa tasa, shi da kansa kuma bai ɓoye wannan ba.

Kafin haka wani likitan jijiyoyi a Viyana, Sigmund Freud, ya riga ya kai neman hali wani wuri dabam, watau ƙuruciyar da aka manta da sha'awar da aka danne. Ya buga littafinsa na fassarar mafarki a ƙarshen 1899, a 1923 kuma ya raba rai gida uku: ɓangaren da ba ya sanin komai sai biyan bukata, da ɓangaren da yake hulɗa da duniya yana sasantawa, da ɓangaren da ya haɗiye muryar iyaye ya zama mai tuhuma. Ɗalibanmu sukan yi gaggawar cewa ai wannan shi ne nafsul ammara da lawwama da muɗma'inna, amma kamannin na sama-sama ne, domin a wurin sufaye waɗannan matakai ne da rai guda yake hawa har ya samu natsuwa, a wurin Freud kuwa sassa ne da suke zaune tare cikin jayayya har mutuwa, kuma ya ɗauka cewa galibin ginin an gama shi tun yaro bai wuce shekara biyar ko shida ba. Almajiransa ba su daɗe tare da shi ba. Adler ya fita a 1911 yana cewa jin ƙasƙanci da ƙoƙarin rama shi ne tushen hali, Jung ya bi baya a 1913, a 1921 ya fito da rabon mutane zuwa masu fuskantar waje da masu fuskantar ciki. A Amurka John Watson ya yi watsi da wannan duka, ya yi alfaharin cewa in za a ba shi jarirai goma sha biyu lafiyayyu da ikon renonsu yadda ya so, zai mai da kowanne likita ko ɗan kasuwa ko ɓarawo. Maslow da Rogers kuma suka ce dukkan ɓangarorin sun manta cewa mutum yana da zaɓi da buri.

Yayin da waɗannan suke muhawara, hukumar soja ce ta yanke wa sana'ar hanyar da take bi har yau. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, aka nemi hanyar gane wanda zai firgice a fagen daga tun kafin a kashe kuɗin horar da shi, sai Robert Woodworth ya tsara takarda mai tambayoyi 116, amsar kowace i ko a'a, ita ce kakar dukkan takardun da kamfanoni suke ba masu neman aiki yanzu. Wanda ya ba wannan hanya tushe na ilimi kuwa shi ne Gordon Allport, wanda ya ziyarci Freud a 1920 yana saurayi, da ya ga dattijon ya yi shiru sai ya kawo labarin wani yaro da ya gani a motar haya yana ƙyamar datti, Freud ya dube shi ya tambaya ko shi ne yaron. Allport ya fita yana ganin mutumin nan ya cika tono har ba ya ganin abin da ke fili. A 1936 shi da Henry Odbert suka bi babban ƙamus na Turanci shafi shafi, bisa hujjar cewa duk halin da ya dami mutane lalle sun raɗa masa suna, suka tsamo kalmomi 17,953, suka ware wajen 4,500 na halaye tabbatattu. Raymond Cattell ya matse su zuwa 16, sannan a 1961 Tupes da Christal, suna yi wa rundunar sojan sama aikin tantance hafsoshi a Texas, suka ga biyar ne kawai suke maimaita kansu: sakin jiki da mutane, sauƙin kai da tausayi, kula da aiki da tsari, saurin damuwa, da son sabon abu. Waɗannan biyar su ne galibin masana suka tsaya a kansu yau.

Ba a bar su sun huta ba. Tun a 1928 Hartshorne da May suka gwada dubban 'yan makaranta suka ga yaron da ya yi satar amsa a aji ba lalle ne ya yi maguɗi a filin wasa ba, a 1968 kuma Walter Mischel ya nuna cewa dangantakar sakamakon takarda da abin da mutum zai aikata a wani wuri takamaimai da wuya ta haura 0.30 a ma'aunin da cikarsa 1 ne. Binciken tagwaye ya nuna gado yana da hannu a wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin mutane a waɗannan halaye, abin da zai faranta wa Jalinus rai. Amma da Brent Roberts da abokansa suka haɗa bincike 92 da aka bi mutane shekara da shekaru, a 2006, sai suka tarar hali yana ci gaba da sauyawa, musamman tsakanin shekara ashirin da arba'in, lokacin aure da ɗaukar nauyi, inda natsuwa da kula da aiki suke ƙaruwa, saɓanin William James da ya ce a 1890 halin galibin mutane ya riga ya daskare wajen shekara talatin.

Saura mas'alar ƙamus ɗin kansa, domin biyar ɗin nan daga harshe guda aka tsamo su. Da aka kai takardar wurin mutanen Tsimane 632, manoma kuma mafarauta a dajin Bolibiya, binciken da aka buga a 2013 bai samu biyar ba, abu biyu ne suka fito fili, kyakkyawan zama da mutane da ƙwazon aiki. Ashton da Lee kuma, da suka duba abin da aka samu a harsuna irin su Koriyanci da Hangariyanci da Italiyanci da Folanci, sai suka ga akwai na shida da lissafin farko ya tsallake, watau gaskiya da tawali'u. Tun kafin wannan, a 1974, aka buga laccar Anthony Kirk-Greene, tsohon jami'in mulki a Arewa, a kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki, inda ya lissafa sifofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Biyu na farkon su ne ainihin ma'aunin da aka ƙaro a makare, kunya kuwa, wadda uban yarinya a Kano ko Damagaram zai fara tambaya a kanta idan ya aika a binciko masa halin mai neman aure, takardun biyar ɗin sukan jefa abin da ya fi kama da ita a ƙarƙashin saurin damuwa, su lissafa ta cikin alamun raunin zuciya.